Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Jama'a masu sauraronmu, na cikin birnin Gadarif da na ƙauyukan da ke kewaye da shi, da masuntan bakin Atbara da Setit da Rahad, da manoman dawa da riɗi waɗanda ke jin mu daga bukkokin gona, barkanmu da warhaka, da fatan kowa ya wuni lafiya tare da iyalinsa. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa daga sama ya rayar da ƙasa da shi, da salati ga fiyayyen halitta, to a shirinmu na yau za mu yi magana ne a kan wani al'amari wanda ido bai cika kaiwa gare shi ba, wato halittun da ke zaune a can gindin tafki cikin laka, da abin da ke samunsu idan ruwa ya lalace, da kuma irin wahalar da ake sha kafin su komo. Magabatanmu sun ce ruwa ba ya tsami banza, suna nufin kowane abu yana da sababi. To a wasu ƙasashe na duniya dubban tafkuna sun yi tsami a zahiri, kuma da masana suka bi sawu sai suka tarar sababin yana hannun ɗan Adam.

Kafin mu ƙetare zuwa waɗancan ƙasashe, ya kamata mu fara sanin waɗanda muke magana a kansu. Duk wanda ya je bakin hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, bayan damina ta ɗauke, ya sa ƙwarya ya kwarfo lakar gefe, ya juye ta a rariya yana girgizawa a hankali cikin ruwa har ƙasar ta tsiyaye, zai ga abin da zai ba shi mamaki. Zai ga 'yan tsutsotsi jajaye jawur masu sirantar zare suna mutsu-mutsu, waɗanda 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Zai ga ƙananan katantanwa, da ɗan mazari tun bai yi fiffike ba yana rarrafe da ƙafa shida, da tanar ruwa. In kuwa bakin kogi ne, mai yiwuwa ya sami makankari a rufe ruf. Waɗannan su ne talakawan ruwa, kuma a wuyansu hidimar tafki take, domin su ne ke cinye ganye da kashin dabba da duk abin da ya mutu ya nutse, su ne ke motsa laka iska ta shige ta, makankari kuma yana tace ruwa dare da rana, sa'an nan su duka su ne abincin kifi. Masunci ba ya bukatar a kawo masa hujja a kan wannan, tun da yake duk ranar da ya farke cikin ƙurungu, ɓawon katantanwa da tsutsotsin nan yake tararwa a ciki.

Shi kuwa tsamin da muke nufi, masana suna auna shi da wani mizani da suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan da ya tsaya a 7 shi ne tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da haka ya karkata ga tsami, kuma kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan. Yawancin halittun tafki suna cikin walwala tsakanin 6 da 8, da zarar an gangara ƙasa da 6 sai su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Asalin musibar kuwa hayaƙi ne. Kwal da man fetur da duwatsun da ake narkarwa don fid da ƙarfe duk suna ɗauke da farar wuta, wadda idan ta ƙone ta tashi sama, ta gamu da danshin gajimare, sai ta rikiɗe ta zama irin ruwan nan na batirin mota, ko da yake a tsarme ƙwarai, ta sauko tare da ruwan sama, wani lokaci a nisan ɗaruruwan kilomita daga inda aka hura wutar.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Svante Odén shi ne ya ɗaga murya a shekarar 1967, ya rubuta a jarida cewa tafkunan ƙasarsa suna mutuwa, kuma hayaƙin da ke kashe su daga masana'antun Ingila da Jamus da sauran maƙwabta iska ke kwaso shi. A kudancin Norwe kifi ya ƙare ƙaƙaf a dubban tafkuna. A ƙasar Kanada kuma, a garin Sudbury inda ake narkar da nikel da jan ƙarfe tun ƙarshen ƙarni na 19, an ƙiyasta tafkuna wajen 7,000 ne suka lalace. Da aka so a kawar da hayaƙin daga kan mutanen gari, sai aka gina bututun hayaƙi mai tsawon mita 381, ya fara aiki a 1972, garin ya ɗan sami sa'ida, amma iska ta riƙa kai abin da ya rage zuwa wurare masu nisa.

Abin da ya fi ruɗar da mutane a lokacin shi ne, tafkin da tsami ya kashe yakan fi kowane tafki kyan gani. Ruwansa yakan yi garau, shuɗi, har mutum ya hangi duwatsun gindinsa daga cikin kwalekwale, saboda ƙananan halittun da ke ba ruwa duhunsa sun ƙare. Mu da muka tashi a makarantun zaure mun karanta a littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Ishmawi da Risala, cewa ana duba sifofi uku kafin a yi tsarki da ruwa, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma wannan hukunci ya wadatar a babin da aka ajiye shi, wato babin ibada. Amma tambayar ko ruwa yana iya riƙe rai wata mas'ala ce dabam, wadda ba a samun jawabinta sai an kai hannu cikin laka. A waɗancan tafkuna, da aka kai hannu, sai aka tarar da ganyen shekaru jibge bai ruɓe ba, babu katantanwa ko ɗaya, domin ruwa mai tsami yana hana ta gina ɓawonta. Aka kuma gane cewa tsamin yana narko alminiyum daga cikin ƙasa, shi kuwa ya toshe wa kifi mashaƙar numfashinsa.

Da yake masu masana'antu sun yi ta musun cewa hayaƙinsu ne sababi, sai waɗansu masana a Kanada, ƙarƙashin jagorancin David Schindler, suka ƙudura su kafa hujjar da ba ta da makawa. Suka zaɓi wani ƙaramin tafki lafiyayye a dajin arewa maso yammacin lardin Ontario, wanda ba shi da suna sai lamba, Tafki na 223, suka fara zuba masa asid da gangan a shekarar 1976, kaɗan-kaɗan, suna rubuta duk abin da ya biyo baya, har mizaninsa ya sauko daga kusan 6.8 zuwa wajen 5 a farkon shekarun 1980. Tun mizanin bai sauka ƙasa da 5.6 ba, wani ɗan mitsitsin jatan lande wanda yakan wuni a gindin tafki ya taso sama da dare ya ɓace ɗungum; ƙananan kifaye suka daina hayayyafa; wata halitta dangin ƙaguwa kuma ɓawonta ya yi laushi, ƙwayayenta suka lalace, daga baya ita ma ta ƙare. Manyan kifayen tafkin kuwa, waɗanda jikinsu ke iya jure wannan tsami, sai aka riƙa kamo su a rame, kai babba jiki kamar bulala, yunwa tana cin su a cikin ruwa mai haske. Da haka aka tabbatar cewa mutuwar tafki daga gindi take farawa, kuma kafin masunci ya ga alama a tarunsa, an daɗe da yin ɓarnar.

To, alhamdu lillahi, wannan ƙissa tana da ɓangaren farin ciki, domin ƙasashen da abin ya shafa sun zauna sun yi shawara. A shekarar 1979 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Janiba a kan ƙazantar iska mai ƙetare iyakoki, a 1985 kuma aka ƙara wata a Helsinki wadda ta wajabta rage hayaƙin farar wuta da kashi 30 cikin 100, daga baya aka yi ta tsanantawa. A Sudbury an rage hayaƙin da fiye da kashi 90 cikin 100. Sa'an nan aka haɗa da magani na gaggawa, wanda kowace uwargida a cikinku ta san asalinsa: yadda takan jefa 'yar kanwa a tukunya don ta kashe tsamin yakuwa, haka hukumomin Suwidin da Norwe suka riƙa zuba garin dutsen farar ƙasa a dubban tafkuna da rafuka, da jiragen ruwa da jirage masu saukar ungulu, shekara da shekaru, da kuɗin baitulmali.

Misali mafi bayyana a wannan babi shi ne Tafkin Orta da ke arewacin Italiya, mai zurfin mita 143. Wata masana'antar zare da aka kafa a bakinsa a 1926 ta riƙa sako masa ruwan jan ƙarfe da amoniya, cikin 'yan shekaru ƙalilan kifi da sauran halittu suka ƙare, abin da wata malama masaniyar halittun ruwa, Rina Monti, ta shaida ta kuma rubuta a 1930. A hankali amoniyar ta juya ta zama tsami, har mizanin tafkin ya faɗo wajen 4 a shekarun 1980. Bayan an tsayar da ƙazantar daga tushenta, sai daga watan Mayu na 1989 zuwa Yuni na 1990 aka watsa masa fiye da tan 10,000 na garin farar ƙasa. Ruwan ya gyaru cikin hanzarin da ya faranta wa kowa rai, ƙarafan da ke narke a cikinsa suka kwanta, kifi ya fara komowa. Amma a ƙasa, inda ƙarafan nan suka je suka kwanta, shekaru suka shuɗe ba a samun komai sai tsutsotsi masu taurin rai nau'i kaɗan, makankari kuwa sai bayan fiye da shekara 20 aka sake ganinsa.

A nan ne, jama'a, zuciyar maganarmu take, ina kuma roƙon ku ba ni hankalinku. Masana sun lura a Italiya da Kanada da Suwidin cewa ruwa yana riga laka warkewa, kuma sun gano dalilai huɗu. Na farko, laka ma'ajiya ce: duk gubar da ta bar ruwa a cikinta take sauka, saboda haka mai rayuwa a cikin laka yana kwana a kan dafin shekara hamsin ko da ruwan da ke bisansa ya tsarkaka. Na biyu, hanyar komowa ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai fiffike, kamar mazari da ƙwarin nan masu laushi da kan fito daga kogi su yi dandazo a jikin fitila, yakan taso daga wani tafki ya zuba ƙwai da zarar ruwa ya yi daɗi. Amma katantanwa da makankari da jatan lande sai dai su jira ambaliya, ko ƙafar tsuntsu, ko kifin da zai ɗauko 'ya'yansu. Ɗan jatan landen nan na Tafki na 223 bai komo da kansa ba, ko da yake an daɗe da daina zuba wa tafkin asid kuma ruwansa ya koma daidai, har sai da masana suka ɗebo shi daga tafkin maƙwabta suka mayar da shi da hannunsu, daga shekarar 2018.

Dalili na uku shi ne gurbin da aka bari ba ya zama fanko. Halittu masu jure tsami sukan yaɗu su mamaye wurin, waɗansunsu kuma mafarauta ne, don haka idan 'yan asalin wurin suka komo 'yan kaɗan, sai a cinye su tun ba su kafu ba. Na huɗu kuma, wanda ya fi sauran ɓoyuwa, shekarun ruwan tsami sun wanke sinadarin kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da tafkunan, shi ne kuwa abin da ake gina ɓawo da ƙashi da shi, kuma dutse ba ya sakin sabo sai a hankali ƙwarai. Sakamakon waɗannan dalilai, tafkin da ya farfaɗo sau da yawa ba ya komawa kamanninsa na da. Yakan rayu, amma da wata jama'a wadda ba ita ce aka kora ba.

Mai sauraro yana da haƙƙin ya tambaya, ina ruwan mutumin Gadarif da tafkunan Turai? Gaskiyar magana, Allah ya yi mana garkuwar da bai yi wa waɗancan ba. Tafkunansu a kan dutse mai tauri suke, wanda ba shi da abin kashe tsami, mu kuwa baƙar lakar nan tamu mai tsagewa da rani tana cike da farar ƙasa, har manomi yakan ga 'yan fararen tsakuwoyinta a bakin garma, kogunanmu kuma daga duwatsun Habasha suke gangarowa ɗauke da irin wannan sinadari. Saboda haka ruwan sama mai tsami ba shi ne abin tsoronmu a yau ba. Sai dai darasin laka ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutane ne masu rayuwa da ajiyayyen ruwa: hafirai, da madatsar Khashm el Girba da aka gina a 1964, da madatsun Rumela da Burdana na saman Atbara da Setit waɗanda aka buɗe a 2017. Ruwan da ke tsaye kuwa, duk abin da aka zuba masa a gindinsa yake tarawa, ga shi kuma jama'ar da ke sha daga gare shi ta ƙaru ƙwarai tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya koro 'yan'uwanmu zuwa wannan jiha.

Ƙofa ta farko da ɓarna ke iya shigo mana ta ita ita ce haƙar zinariya, wadda ta yaɗu a Butana da sauran sassan ƙasar nan, kuma samarinmu da yawa suna cin abinci da ita. A wasu ramuka ana fid da dutse mai ɗauke da farar wuta, irin mai ƙyallin nan da kan yaudari sabon shiga. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa, amma idan aka niƙa shi aka jibge a fili, iska da ruwan damina suka taɓa shi, sai ya riƙa tsiyayar da ruwa mai tsami shekara da shekaru, yana narko ƙarafa yana bin kwari da su. Irin wannan ta faru a tsofaffin ramukan kwal na Inugu a Nijeriya, inda ruwan ramukan ke gangarawa Kogin Ekulu. Ga kuma zaiba da ake kama zinariya da ita, wadda takan saura a cikin tarin karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutse bayan an fid da zinariya: idan ta isa lakar tafki, ƙwayoyin halitta na cikin lakar sukan juya ta zuwa wani nau'i mafi dafi, tsutsa ta ɗauka, ƙurungu ya ci tsutsa, giwan ruwa ya ci ƙurungu, mai ciki ta ci giwan ruwa. Mutanen Minamata a Japan sun ga ƙarshen wannan silsila a 1956, da shanyewar jiki da haihuwar 'ya'ya masu naƙasa, kuma bincike ya nuna cewa kifin ruwa mai tsami ya fi tara zaiba a jikinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce maganin feshi na gonakin dawa da riɗi, musamman idan aka wanke tankin feshi ko jarkar magani a bakin hafir. Ta uku kuwa masuntan Khashm el Girba sun fi kowa saninta: lakar da Atbara ke kawowa ta cinye fiye da rabin cikin madatsar, don haka akan buɗe ƙofofi lokacin cikar kogi a kore ta, ruwa ya yi kauri, kifi ya mutu da yawa, gindin tafkin kuma ya kwashe da duk abin da ke cikinsa. Wannan larura ce ta noman Sabuwar Halfa da madatsar ke shayarwa, ba mu musa ba, amma ya dace masu tsara lokacinta su sa rayuwar gindin ruwa cikin lissafi, su kuma saurari sarakunan ruwa. Haka nan mun sani wata katantanwar ita ce ke ɗauke da tsargiya. Yaƙi da ita wajibi ne, sai dai a bar shi a hannun ma'aikatan lafiya waɗanda suka san wadda ake nema da gwargwadon maganin, a kuma fara da hana bawali da bayan gida a bakin ruwa, tun da ta nan cutar ke shiga katantanwar.

Saboda haka ga nasiharmu. Mai haƙar zinariya ya nisanta wurin wanki da tarin karta daga kwari da hanyar da ruwa ke bi zuwa hafir. Manomi ya wanke kayan feshinsa a cikin gona, nesa da mashaya, kada kuma jarkar magani ta zama ta ɗiban ruwa. Mai gyaran mota da mai cajin batir kada su tuttular da ruwan batir a magudana. Malaman makaranta su riƙa fita da almajiransu bakin ruwa ɗaya a lokaci ɗaya na kowace shekara, da ƙwarya da rariya da littafi, su rubuta nau'o'in da suka gani; ranar da aka wayi gari babu kowa a rariyar sai jajayen tsutsotsi kaɗai, to a sanar da hukumar ruwa, domin su ne kan saura idan sauran sun gudu. Limamai kuma su tuna wa jama'a cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, kuma fasadin da aka binne a ƙarƙashin ruwa ba ya ɓoyuwa ga wanda ya halicci ruwan. Ƙasashen da muka ambata suna da dukiya da jirage da ɗakunan bincike, duk da haka gyaran abin da aka ɓata ya ci musu shekaru talatin da arba'in, wani ma har yau bai kammala ba. Mu da ba mu da wannan hali, abin da ya fi mana sauƙi shi ne mu tsare tun bai ɓaci ba.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana ruwanmu da abin da ke cikinsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowane mai gudun hijira gidansa cikin aminci. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.